Kwanon Sifiri

Tun ranar da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. Wadda ta shigo yi mini barka da dawowa sai ta gyara zama ta ce in ba ta labari, in na fara kuma wata ta yi sallama, a koma farko. Maman Ngozi, matar ma'aikacin gidan ruwa da ke haya a bayanmu, sau uku tana leƙowa ta katanga tana cewa, "Maman Aminu, da gaske kin taɓa kwamfuta da hannunki?" Masu kaifin ido kuma sun ga giɓin da ke farkon jeren kwanonina, suna tambaya ko ɓarawo ya shigo bayana. Shi ya sa na roƙi maigidana Malam littafin rubutu guda, na ce bari in zuba shi duka a nan, mai karatu ta karanta wa marar karatu.

Sai na fara da abin da ya fitar da ni. Ana kirana Maman Aminu, amma waɗanda suka daɗe a Dutsin-Ma sun san Aminu ba shi ne na fari ba. Akwai ɗiya a gabansa. Ranar da aka yaye ta, Yaya Rabi, yayar Malam, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta goya ta ta tafi da ita Nijar inda take aure. Ban yi kuka a gaban kowa ba. Ɗiyar fari ce. Ba a nuna ana son ta, ba a kama sunanta, in an tambayi yawan 'ya'ya ba a sa ta ciki. Haka na tarar, haka kuma aka yi mini, don ni ce ta fari a wurin Innarmu. Ita kuwa yarinyar Adda take ce mini, kamar wata yayarta. Rabona da ita tun tana shekara goma sha uku, kafin a rufe iyaka.

Damina ta yi nisa, a shekarar da ta biyo bayan an ba mu jihar Katsina, sai ga wasiƙarta ga Malam. Ta ci jarrabawa, za a tura ta ƙasar Gabon shekara uku ta koyi aikin kwamfuta, kafin tafiyar kuma ana ba su horo a Yamai. Ta gaida kowa da sunansa, har akuyar autata Safiya. Can ƙasan takarda, da ƙananan haruffa, ta rubuta: "A gaida Adda, in tana tune da ni."

Malam ya karanta ya yi murmushi, ya ce yarinta ce. Ni kuwa kwana uku ina zuba gishiri sau biyu a miya. Rana ta huɗu ya ajiye cokali ya ce, "Shirya. Iro ya raka ki."

Iro ƙanena ne, tela a Kurfi, mai mata da 'ya'ya uku, don haka ta Kurfi muka bi. Gero ya fitar da kai dama da hagu, fijo tana tafe tana kauce wa kududdufai, ni kuma na rungume ƙullin kayana a cinya na ƙi yarda a sa shi a but. Mun tarar da Innarmu a bakin ɗaki tana kaɗa nono. Mutuniyar Wurma ce, jinin Fulani, kunyarta ta ninka tawa. Ta ɗaga ido ta ce, "Ke, kin iso?" Shekara talatin da bakwai ke nan ina amsa "ke". Ta cika kwalba da man shanu, ta ƙulla daddawa a leda, ta ce a kai wa mutanen can. Ba ta ce wa ba, ni ma ban tambaya ba.

Iro ya ce kada in damu da komai, shi yana jin Faransanci, ya koya wurin masu kawo masa ɗinki daga Jibiya. Tun daga Katsina yake bita a mota. Da muka wuce Jibiya muka isa wurin 'yan duwan na Ɗan Isa, wato kwastan ɗinsu, wani dogo mai hula kamar ƙwarya ya tambaye shi da Faransanci inda za mu. Iro ya gyara murya ya ce, "Mersi," wato na gode. Mutumin ya sake tambaya. Iro ya ce, "Mersi boku."

"Malam, yi Hausa," in ji ɗan duwan. "Mu ma ita muka sha a nono."

Duk motar aka kwashe da dariya. Iro ya ce ai iska ce ta hana shi ji da kyau.

Sai aka zo kan kayana. Ya kwance ƙullin, ya ture zannuwa, ya ciro farin kwano mai murfi da jan fure a gefe. Shi ne na farko a jerena tun ranar da aka kawo ni gidan Malam, ban taɓa zuba abinci a ciki ba. Ya buɗe. Awarwaro biyu ne ƙanana da ba su wuce zoben babban yatsa ba, da hular saƙa, da 'yar rigar suna da ta koɗe.

"Hajiya, ina jinjirin?"

Na ce, "Ya girma."

Ya dube ni ɗan lokaci. Sannan ya mayar da murfin da hannu biyu, a hankali, kamar mai tsoron tada wani daga barci, ya ɗaure mini kayan da kansa. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake.

A Maraɗi muka kwana, gidan wani aminin Malam. In ba don tutarsu da hular jandarma ba, da sai in ce Katsina nake: maganarsu tamu, furarsu tamu, sai dai tasu ta fi tsami. Da safe aka kawo mana burodi dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri, da gahawa da madara a cikin kwano maimakon kofi. Na ga maza manya suna tafe da burodin nan a hammata, tsirara, babu ko takarda. Iro ya ciza, dasashinsa ya yi jini, ya ce Faransawa ba su da tausayi.

Babbar mota muka shiga zuwa Yamai, su kar suke ce mata. A kowane shinge jandarma zai karɓe takardun kowa ya shiga rumfa, sannan ya fito yana kiran suna ɗaya ɗaya. A shingen farko ina tsaye ina jiran nawa, sai na ji ya ɗaga murya ya kira sunan nan, sunan da ban taɓa furtawa ba. Na juya in ga mai amsawa. Wadda ta amsa kuwa wata tsohuwa ce mai ƙiba, 'yar Damagaram, jinin Barebari, mai sayar da turaren wuta, haƙoranta ba su fi biyar ba. Kuma ita ce a gefena a kujera.

Ta faɗa mini sunanta sau biyu, ni kuwa ina ta "baiwar Allah, ɗan matsa," "baiwar Allah, ga ruwa." Kafin Birnin Ƙonni ta juyo.

"Ke Bafillata, sunana ƙaya gare shi?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Sunan ɗiya ne."

"Ta fari?"

Na ja mayafi na rufe fuska.

"Oho! Ku dai da kunyar nan taku. Ni nawa na fari in ya ɓata mini rai, da sunansa da na ubansa da na kakansa nake haɗawa in kira, har maƙwabta su fito." Ta tafa hannu, ta shiga wasan Barebari da Fulani. "To, yau ga baiwata ta haife ni. Inna, yunwa nake ji."

Daga nan har Yamai Inna take ce mini. A Dogon Dutse ta nuna masu soyayyen zabo ta ce, "Inna, sayo mini, ko ni ma ba a ƙirga ni?" Na sayo mata, ta tsotse shi tas da haƙoranta biyar. Ta yi barci a kafaɗata, ƙamshin turarenta ya cika mini hanci, ni kuma ina jin nauyin kanta ina tunanin wani kai da ya taɓa kwanciya a wurin nan.

Bayan Dosso direba ya rage gudu ba tare da an tsayar da shi ba. Raƙuman dawa ne, uku, suna ƙetare hanya. Ban taɓa ganin abu mai tsawo haka da rashin hayaniya ba. Suna tafiya kamar a cikin ruwa, babbar tana gaba, ba ta ko waiwayar ƙaramin da ke bin ta, amma in ya tsaya sai ta tsaya. Na yi tasbihi, na daɗe ban tabbatar ko idona biyu ba.

Yamai gari ne na kogi. Mata suna tuƙa babur da kansu, jaka a kafaɗa. Da azahar kowa ya rufe ofis da kanti ya tafi gida ya kwanta, sai la'asar a sake buɗewa, abin da in an yi a nan za a ce lalaci ne. Zabarmawa kuma "fofo" suke ce wa sannu, har ga wanda ba su sani ba. Yaya Rabi ta tarbe mu da guɗa, ta sauke mu a ɗakin da ke kallon bishiyar mangwaro, ta kawo dambu da zogale da aka kwaɗa da ƙuli.

Ina cikin wanke hannu yarinyar ta shigo. Ta yi tsawo. Goshin Malam ne, amma yatsun na Innarmu ne, dogaye sirara. Ta durƙusa ta ce, "Adda, sannu da hanya." Kwana biyu ina shirya abin da zan ce. Na dubi bango na ce, "Yauwa. Kuna lafiya?" Sannan na juya ina tambayar Yaya Rabi ko kajinta suna ƙwai. Yarinyar ta tashi ta fita. Kwanon yana cikin ƙulli a ƙarƙashin gado, ban san ta inda zan fara miƙa shi ba.

Kashegari Yaya Rabi ta ce mata, "Tafi da Addarki ta ga abin nan da ya hana ki cin abinci." Bayan la'asar ake barin ɗalibai su gwada hannunsu, muka tafi. A bakin ƙofa kowa ya tuɓe takalmi kamar za a shiga masallaci, wai don ƙura. Ciki da sanyi kamar randa. Na'urori shida ne, kowace da mayafinta, ana yaye mata in za a yi aiki. Muna shiga yarinyar ta ce, "Adda, ga Mushe nan, ki gaishe shi."

Na ja da baya na toshe hanci ina duba ƙasa. "Mushen me? A ɗaki mai tsabta haka?"

Ashe malaminsu ne, haka suke kiran malamin boko a can. Wani siriri ne mai tabarau, mutumin Dosso, Hausarsa tana ɗingishi. Ya yi dariya har ya cire tabarau ya ce ba ni ce ta farko daga Najeriya da ta yi masa haka ba.

Aka kunna na'ura. Gilashi ne baƙi, sai haruffa kore suka fito a kansa, irin koren gero kwana uku bayan shuka. A ƙarshen layi wani ɗan ɗigo yana bugawa, ya ɓace ya dawo, ya ɓace ya dawo, kamar maɗigar jariri. Na kasa ɗauke ido. Na ce mata ai na iya tafireta, a sakandare malamarmu takan rufe mana hannu da ƙyalle don mu buga ba tare da dubawa ba. Ta matsa mini. Na kau da kai don in nuna gwaninta, na buga sunana, Halima. Da na duba sai na ga an rubuta hqli,q.

"Faransawa sun sauya wa haruffa wuri," in ji ta, tana danne dariya. "Inda kika san A, Q ne a nan. Inda kika san Z, W ne. Sai kin riƙa dubawa."

Sannan ta nuna mini abin da ya hana ta cin abinci. Darasin sunansa tablo. Mushe ya ba su ruwan saman wata goma sha biyu, su ajiye a na'ura, ta tara musu na shekara. Ta ce da sai a raɗa wa kowane wata sunansa daban, amma da tablo suna ɗaya ya isa. Ka ce wa na'ura ta ware maka wuri goma sha biyu a layi ɗaya, duka sunansu R, kowane da lambarsa. In kana son na wata na uku sai ka ce R na uku. In kana son duka, ka sa ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Ai wannan jere ne."

"Jere?"

"Jeren kwanoni. Sunansu ɗaya, kowane da mazauninsa. In na aiki Hadiza na ce ɗauko na uku daga dama, ba ta tambayata wane launi."

Ta ɗan dube ni, ta ce haka ne. Matsalarta ita ce, kowane adadi ta zuba, in ta ce a tara, saba'in da takwas na'urar take ba ta. Ta sa ruwa mai yawa, saba'in da takwas. Ta sa fari, babu ɗigo, saba'in da takwas. Kwana biyu ke nan, Mushe kuma ya ce ba zai faɗa ba, ta nemo da kanta, ga gwaji ranar Asabar. Na ga idonta ya yi ja.

Ban san yaren na'ura ba, amma lambar nan ta tsaya mini. Na ja takarda ina tarawa a hankali: ɗaya da biyu uku, da uku shida, da huɗu goma, har na kai goma sha biyu. Saba'in da takwas cif.

Na ce, "Yarinyar nan, lambobin da ke jikin kwanonin kike tarawa. Ba ki buɗe murfi ba. Kwano na uku ba uku ne a cikinsa ba, wataƙila daddawa ce."

Ta ƙura wa gilashin ido. Sai ta yi wata 'yar ƙara, ta ƙara harafi ɗaya da baka biyu a wani layi, ta buga RUN, kalmar da ke sa na'ura ta fara aiki. Adadi ya fito daidai. Ta kama wuyan hannuna ta girgiza tana cewa, "Adda! Adda!" Rabon da fatarta ta taɓa tawa tun ranar yaye. Na bar hannun a wurin, ban motsa ba, don kada ta tuna ta saki.

Rana ta biyu ita ta ce in zo. Ta ce yau ni za ta koya wa, kuma kwanonin suna ɗaukar suna kamar yadda suke ɗaukar lamba. Ta rubuta DIM, kalmar ware wuri, ta sa harafin Y da wata alama, ta buɗe baka, ta tsaya. Ba ta dube ni ba.

"Jeren 'ya'yanki za mu yi. Su nawa ne, Adda?"

Akwai ɗalibai biyu a gefenmu, ga Mushe yana zagawa. Na san amsar gaskiya. Bakina ya ce, "Huɗu."

Ta buga huɗu. Ina faɗa tana rubutawa: Aminu a na ɗaya, Hadiza a na biyu, Bello, Safiya. Ta sa na'ura ta bi su daga ɗaya zuwa huɗu, suka fito kore, a jere. Ta ce, "Shi ke nan. Kin iya." Muryarta ta yi sanyi kamar ɗakin.

Mushe ya tsaya a bayanmu ya leƙa. Ya ce da kyau, amma akwai abin da bai faɗa wa aji ba tukuna. "Wannan na'ura, Hajiya, ba daga ɗaya take fara ƙirga ba. Daga sifiri. Kin ce mata huɗu, ita biyar ta ware. Akwai kwano ɗaya gaban na ɗaya."

Na ce, "Yana ina?"

"Yana nan. Ba a kira shi ba, shi ya sa bai fito ba."

"Ba ya ɓacewa?"

"Ina zai je? Shi ne ma na farko." Ya wuce wurin wani ɗalibi.

Muka kama hanyar gida. Muka bi ta bakin kogi, masu kwalekwale suna dawowa, ruwan ya yi ja da rana, ni kuwa ba abin da nake gani sai kwanon nan da ke zaune cikin duhun gilashi da murfinsa a rufe.

Da safe yarinyar ta tafi aji, muka zauna da Yaya Rabi muna tsinke zogale. Ba ta yi mini kwana-kwana ba.

"Halima, kin tuna zuwanta na ƙarshe Dutsin-Ma? Wata baƙuwa ta tambaye ki 'ya'ya, kika ce huɗu. Tana bayanki da tiren abinci."

Na ce na tuna baƙuwar, ban san tana bayana ba.

"Da muka dawo ta tambaye ni, ita ta wa ce. Na ce tawa ce. Ta ce ta sani, amma kafin nan fa? Na yi mata bayanin kunya har na gaji. Ta san al'adar da ka, amma a nan ta girma. Ƙawayenta uwayensu suna kiran su da suna a tsakiyar kasuwa. Ke kin tashi kina ganin Innarku tana tura miki nama a ɓoye, kin san abin da shirun yake nufi. Ita me ta gani? Shirun kawai ya iso mata."

Na ce, "Yaya, bakina ba zai iya ba."

"Malam bai faɗa miki ba cewa kiran sunanta ba haramun ba ne?"

"Ya faɗa tun tuni."

"To. Jirginsu sati mai zuwa ne. Ni dai na riƙa miki amana shekara goma sha shida, ban taɓa cewa ni na haife ta ba."

Na yi sallar walaha na daɗe a zaune. Sai wata dabara ta zo mini, har na ji kunyar sauƙinta: abin da baki ya kasa, ai yatsa zai iya. Rubutu ba kira ba ne.

Ranar ita ce ta ƙarshe, kashegari za mu juyo. Da la'asar na yafa mayafi na bi ta ba tare da ta gayyace ni ba, da ƙulli a hannu. Na ce ta buɗe mini aikin jiya. Ta sa faifai a na'ura, ya fito. Na ce ta tashi in zauna. Na nemo layin da aka ce a bi daga ɗaya zuwa huɗu, na goge ɗaya na sa sifiri, ina dubawa da kyau. Na buɗe sabon layi a saman na Aminu, na kwaikwayi yadda ta rubuta nasa, na sa sifiri a cikin baka. Saura suna.

A nan idona ya cika, haruffan suka narke. Na kau da kai wajen taga, na bar yatsuna suka tafi yadda suka saba tun sakandare. Na buga RUN ina share fuska da bakin mayafi.

Jeren ya fito, biyar. A saman Aminu an rubuta wqinqbu.

Na manta da Faransawa. Har na'urar ta taya ni kunya.

Yarinyar ta sunkuyo ta karanta. Ta daɗe. Na ga fuskarta rabi dariya rabi wani abu. Ta san ko wace ce, ita da ta koya mini inda haruffan suka koma. Amma ta miƙe ta harɗe hannu ta ce, "Adda, ni ban san wannan ba. Wace ce?"

Ɗigon nan yana ta bugawa a ƙasan sunayen. Na'urar sanyi tana huci. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya daina buga nasa. Na ji kamar ina tsaye a tsakiyar kasuwar Dutsin-Ma ba ɗankwali.

Na ce, "Zainabu."

Muryar ta fito kamar ta wata, ƙarama.

Ta ce, "Na'am."

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai san ta durƙusa ta sa kanta a cinyata, a gaban Mushe da kowa, ni kuma hannuna ya sami tsakiyar kanta da kansa, wurin da maɗiga take a da. Da muka natsu na kwance ƙullin na ba ta kwanon. Ta buɗe, ta gwada awarwaron a yatsa, ta tambaye ni tun yaushe. Na ce tun ranar. Ta ce a ina yake zama. Na ce a farkon jere.

Ita ta gyara haruffan, Mushe kuma ya sa aka buga mana a takarda mai huji-huji a gefe, kwafi biyu. Ɗaya yana cikin jakarta a Gabon, ɗayan yana cikin akwatina, duk mai so ta zo ta gani. Gwajin Asabar kuwa ta ci, wasiƙa ta riga ta zo. Giɓin da kuke gani a jerena ba ɓarawo ba ne, kuma ba zan matso da sauran su rufe shi ba.

A dawowa babu raƙuman dawa, babu tsohuwar Damagaram, sai Iro da ya sayo burodi uku ya riƙe a hammata har Jibiya, yana ce wa kowa fofo. Muka sauka Kurfi da hantsi. Innarmu tana wurin da muka bar ta, da ƙwaryarta. Ta ce, "Ke, kin dawo?" Na zauna a gefen tabarma na ba ta labari tun daga Ɗan Isa. Da na zo wurin sunan, ta saki maburgi ta riƙe haɓa.

"A gaban mutane? Da bakinki?"

"Da bakina, Inna."

"Boko dai bai bar komai ba." Ta ɗauki maburgin ta ci gaba da kaɗawa, fuskarta a ɗaure. Na ɗauka magana ta ƙare. Na sha furar da ta tura mini, na yi sallama da matar Iro, na ɗauki jakata. Mu takwas Inna ta haifa, amma duk Kurfi an san in an tambaye ta bakwai take cewa.

Na kai bakin zaure sai na ji ta ce, "Ke."

Na juyo. Ba ni take kallo ba, nonon take kallo.

"Na'urar nan taku. In an ce mata bakwai fa?"

Na ce, "Takwas take nufi, Inna."

Ta gyaɗa kai, ta tsame man da ya taso ta sa a kasko.

"To," in ji ta. "Tana da hankali. Allah ya kiyaye hanya."